Cinikin ɗan kwikwiyo: abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya taya

Yawancin masu neman ɗan kwikwiyo a garuruwanmu gadi suke nema masa, ko na gida ko na gona ko na garke, wasu kaɗan kuma farauta. Saboda haka idan sun je wurin mai kiwon karnuka, tambayar farko da ke fitowa daga bakinsu ita ce nawa ne, ta biyu kuma nawa za a rage. A ganina wannan tsari ne yake jefa mutane cikin asara, domin kuɗin da ake miƙa wa mai kiwo ranar saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da kare zai ci a tsawon shekara goma ko fiye da zai yi a gidan mutum, kuma ragin da aka samu da baki sau da yawa ana biyan ninkinsa a wurin likitan dabbobi kafin wata ya zagayo. Cinikin da ya fi amfani shi ne wanda ake yi a kan abin da ke cikin farashin: shekarun kwikwiyon, alluran da aka yi masa, lafiyar uwarsa, da abin da mai kiwo zai ɗauka idan ya kwanta ciwo a makon farko.

Akwai maganar da Musulmi zai so ya warware tun kafin ya fita daga gida. Hadisi ya yi izinin riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka, wani hadisin kuma ya yi hani ga kuɗin kare, shi ya sa malamai suka saɓa. Hanafawa sun halatta sayar da shi, Shafi'awa da Hambalawa sun hana, a mazhabar Malikiyya kuwa Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci hanin, sannan ta ce an yi saɓani a kan sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa, kuma Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, yana cikin waɗanda suka halatta. Wanda abin ya dame shi sai ya tambayi malaminsa, ya fita da natsuwa.

Hanyoyin samun kwikwiyo uku ne a zahiri, kuma ba su yi daidai da juna ba ko kusa. Ta farko ita ce mai kiwo wanda karnukan suke gidansa, kana iya zuwa ka ga karyar da ta haifi 'ya'yan, ka ga wurin kwanansu, ka ga kwanon abincinsu. Farashinsa ne ya fi tsada, kuma yana da dalili, domin karya tana ɗaukar ciki kusan kwana 63, sannan ta shayar, kuma a duk wannan lokaci cinta yana ƙaruwa sosai. Idan namijin ba nasa ba ne ya biya kuɗin barbara, ko kuma ya yi alkawarin bayar da ɗa guda daga cikin haihuwar, ga maganin tsutsar ciki da ake fara bai wa 'ya'yan tun suna mako biyu, ga allurar rigakafi ta farko. Hanya ta biyu ita ce dillali, ko wanda yake tsaye a bakin titi da kwikwiyo a hannu a manyan birane, ko wanda yake tallata hotuna a waya yana cewa a turo kuɗi ya sa a mota. Wannan ya fi araha a ido, amma cinikin biri a sama ne, domin ba ka ga uwa ba, ba ka san kwanakin haihuwa ba, kuma hoton da aka nuna maka ba lalle ne na dabbar da za ta iso tasha ba. Ta uku ita ce maƙwabci ko ɗan'uwa da karyarsa ta haihu, wanda sau da yawa kyauta zai ba ka ko ya karɓi ɗan abin goro. Mutane suna raina wannan hanya, alhali ga wanda haushi kawai yake buƙata ya tashe shi cikin dare, ita ce ta fi dacewa da aljihunsa.

Irin karen shi ne yake yanke rabin farashi, don haka ya kamata mai saye ya zaɓa tun kafin mai sayarwa ya zaɓa masa. Karen Jamus da aka fi sani da Alseshan, wanda aka kafa irinsa a 1899 domin kiwon tumaki, yana da yawa a hannun masu kiwo a Jos da Kaduna da Abuja. Yana da kaifin fahimta, yana karɓar horo, namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, amma an san irin da matsalar ƙugu wadda ake gada, shi ya sa kallon yadda uwa da uba suke tafiya yake da muhimmanci. Boerboel na Afirka ta Kudu gajeren gashi gare shi, ya fi jure zafinmu, sai dai namijinsa yana wuce kilo 60, kuma wanda bai shirya ciyar da shi ba zai ga ƙashin haƙarƙarinsa cikin 'yan watanni. Rottweiler ma na Jamus ne, mai ƙarfi, mai son a nuna masa iyaka tun yana ƙarami. Karen yankin Kokeshiya, wanda masu kiwo suke kira Kokeshiyan, shi ne samari suka fi kwaɗayi saboda girmansa da gashin wuyansa, amma an yi irinsa ne domin duwatsu masu ƙanƙara. A Jos yana iya samun sauƙi, a Sakkwato ko Maiduguri kuwa, a watan Afrilu, wahala ce tsantsa ga dabbar da mai ita, sai in akwai inuwa mai kyau da ruwa a kowane lokaci. Karen gida namu, da siririn karen farauta mai kama da Azawak na Buzayen Nijar da Mali, ba sa buƙatar komai daga cikin wannan tanadi, suna cin abin da gida ya ci, kuma sun fi jure kaska da zafi, ko da yake su ma rigakafi wajibi ne a kansu.

A nan ne kalmar da masu kiwo suke yawan faɗa take shigowa, wato cewa karen tsantsa ne, babu gauraye a jininsa. Kwikwiyo mai mako shida duk kyakkyawa ne, kuma barbarar yanyawa ba ta bayyana sai ya girma. Kunnuwan Alseshan, alal misali, ba sa tsayawa sai bayan 'yan watanni, don haka mai saye ba shi da yadda zai gane a ranar ciniki ko za su tsaya. Hujjarsa ɗaya ita ce ganin iyaye da idonsa. Idan aka ce uwar ta fita, ko tana gona, ko ba ta son baƙi, to farashin tsantsa bai kamata ya tsaya ba, kuma babu laifi a faɗa wa mai kiwo haka cikin ladabi.

Na taɓa raka wani abokina wurin wani mai kiwo a bayan garin Jos, kuma abin da na gani a can ya fi mini dogon bayani. 'Yan kwikwiyo bakwai ne a wani ɗaki mai daɓen siminti, an share shi, uwarsu tana kwance a ƙofa tana kallonmu ba tare da ta tashi ba. Kafin ya bar mu mu shiga, sai da mai kiwon ya sa muka taka wani buhu da aka jiƙa da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abokina ya ɗauki guda, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya ga ja ne mai kyau, ba fari fat irin na wanda tsutsa ko kaska suka sha jininsa ba, ya shafa cikinsa ya ji babu kumburi, ya duba cibiya da cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya. Sai ya ce, "Malam, kafin mu yi maganar kuɗi, a nuna mini katin allura." Mai kiwon ya kawo kati, ga kwanan wata, ga sa hannun likita, ga tambarin da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar allurar an manna. Daga nan ne abokina ya taya, mai kiwon ya ce albarka, aka ɗan ja, daga ƙarshe bai rage kuɗi mai yawa ba, amma ya yarda kwikwiyon ya ƙara mako biyu a wurin uwarsa a kan ciyarwarsa, ya yi masa allura ta biyu, ya kuma haɗa da abincin kwana bakwai irin wanda ya saba ci. Da aka lissafa, abin da abokina ya samu ya fi ragin da ya je nema.

Maganar kati tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar cinikin. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar rigakafin cututtuka yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kusan mako 16, allurar ciwon haukan kare kuma ana yin ta ne yana da kusan wata uku. Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kashe 'yan kwikwiyo ita ce fabo, mai zuwa da amai da gudawar jini mai wari, kuma tana iya ɓuya a jiki kwana uku zuwa bakwai kafin ta bayyana, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa har watanni. Ma'anar wannan ita ce kwikwiyo yana iya zama garau ranar Asabar da aka saya, ya kwanta ranar Talata da cutar da ya ɗauko daga inda ya fito. Saboda haka kwikwiyo biyu masu kama ɗaya, ɗaya mai mako biyar babu allura, ɗaya mai mako goma da allura biyu, ba haja ɗaya ba ce, kuma wanda ya kwatanta farashinsu kai tsaye ya zalunci mai na biyun. Ya kamata a tambaya kuma wa ya yi allurar, domin magani ne da ake ajiyewa cikin sanyi, kuma a ƙasar da wuta take ɗaukewa, kwalbar da ta wuni a cikin zafi ba ta da maraba da ruwa. Wanda yake da shakka a kan kati yana iya kai kwikwiyon asibitin dabbobi na jiha, ko asibitin koyarwa na likitancin dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mutanen Filato kuwa ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, a kusa da su.

Kada a karɓi kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, ko da an rage rabin kuɗinsa. Mai kiwon da yake gaggawar rabuwa da 'ya'ya tun suna mako huɗu ko biyar yana gudun kuɗin abinci da allura ne, kuma nauyin yake sauke wa mai saye. Wanda aka yaye da wuri ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma yakan tashi da yawan cizo ko tsoro, domin a wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon iyakar wasa. Haƙora suna taimakawa wajen gane gaskiya: haƙoran nono suna fara fitowa ne a wajen mako uku, su cika 28 a tsakanin mako shida da takwas, don haka bakin da bai cika ba yana ƙaryata wanda ya ce wata biyu ne.

Shi kansa tayin yana da ladabinsa. Hausawa sun ce a rashin tayi akan bar araha, don haka babu abin kunya a neman ragi, amma mai kiwo na kirki ba mai sayar da tumatur ba ne da yamma ta yi masa, kuma wanda ya taya masa kashi ɗaya bisa uku na farashi yakan rufe ƙofar magana tun daga farko. Ya fi kyau mutum ya zagaya wurin masu kiwo biyu ko uku, ya ji farashin iri ɗaya a shekaru ɗaya, sannan ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kayanka sun yi mini, ga abin da nake da shi, me za ka iya yi mini?" Akwai wuraren da ragi yake da tushe: idan kwikwiyon shi ne na ƙarshe da ya rage, idan za a ɗauki biyu, idan mai saye ne zai ɗauki nauyin sauran allurai, ko idan namiji ne a inda aka fi neman mata. Ta mace takan fi tsada saboda masu son kiwo, amma wanda gadi kawai yake so ba shi da dalilin biyan wannan ƙari, balle ma karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, kuma a lokacin duk karnukan unguwa sai sun san ƙofar gidansa. Kushe dabbar mutum domin a karya farashi kuwa ba ya kawo komai sai ɓacin rai. In akwai aibi na gaskiya, kamar ƙullutu a cibiya ko ƙazuwa a fata, a nuna shi, a tambayi likita nawa maganinsa zai ci, a cire daga kuɗin.

Idan ciniki ya faɗa, kafin alƙalami yana da kyau ga ɓangarorin biyu, muddin an ga kwikwiyon da ido, an ɗauki hotonsa, an kuma yi masa alama da zare ko wani abu a wuya domin kada a musanya. Sauran kuɗin a riƙe sai ranar ɗauka. A rubuta, ko da a saƙon waya ne, ranar haihuwa, alluran da aka yi, kuɗin da aka bayar da wanda ya saura, da abin da zai faru idan likita ya gano cuta a cikin kwanakin farko, ko mayar da kuɗi ko musanya da wani. Inda dillali ya shiga tsakani, a san tun farko wa zai biya la'adarsa. Mai kiwon da ya ƙi ko da kwana uku na a kai wa likita ya duba, ya riga ya faɗa maka abin da yake zato game da hajarsa. Ranar ɗauka kuma a tafi da kwali ko keji da tsumma mai tsabta, a zarce wurin likita kafin a shiga gida, kuma kada a bar shi ya taka ƙasar da wasu karnuka suke yawo har sai alluransa sun cika.