Ƙyallayen da kike sharewa, a nan da kuɗi ake sayen su

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Na ji a saƙonki na ranar Juma'a cewa hazo ya sauka a Gusau, har kin ciro wa yara rigunan sanyi daga ƙasan akwati. Kin tambaye ni me nake yi da dogon daren nan tunda ba fita ake yi ba. Na ce bari in zauna in rubuto miki a natse, don maganar ta shafi sana'arki fiye da yadda kike zato.

A nan jihar Minesota ta Amurka rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma a watan Disamba, zuwa shida an yi Isha'i. A Janairu akwai ranakun da ma'auni ke sauka digiri 20 ƙasa da sifiri. Idan kika shanya jiƙaƙƙen zani a waje, kafin ki juya ya sandare kamar busasshiyar fata. Babu zaman tsakar gida, babu shiga maƙwabta ɗibar wuta a tsaya hira. Shekarata ta farko kaɗaici ya dame ni ƙwarai, sai Allah ya haɗa ni da maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta haura saba'in. Ita ta ga ina gyara wa yarona wando da hannu, ta ja ni ɗakinta ta nuna mini abin da matan nan ke cinye hunturunsu da shi.

Bargo ne, su suna ce masa kwilt, ni kuwa bargon ƙyallaye nake kiransa. Shimfiɗa uku gare shi. Fuskarsa ƙananan yankunan yadi ne da aka harhaɗa suka ba da zane, cikinsa auduga ce da aka baje kamar tabarma, bayansa kuma yadi ne falle ɗaya. Sai a bi ukun da ɗinki a kama su wuri guda don kada audugar ta tattare idan an wanke. Ita dattijuwar suna da ƙungiya a cocinsu, duk mako suna haɗuwa su ɗinka masu faɗin inci 60 da tsawon inci 80, ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief ta kwashe ta kai wa masu gudun hijira a ƙasashe. Na ga wanda kakarta ta ɗinka, ya kusa shekara ɗari, launinsa ya koɗe amma ɗinkin bai saki ba.

Ranar da ta kai ni kantin kayan wannan aiki na daɗe a tsaye ina kallo. Bandir-bandir na yadin auduga jere bisa launi, daga fari zuwa baƙi, shuɗi kaɗai ya kai iri talatin. Faɗin yadin inci 42 zuwa 44, bai kai na atamfarmu ba, kuma wanda na saya dala 13 na biya a kan yadi ɗaya. Na duba bakin bandir ɗin, yawancinsu a Koriya ta Kudu ko Japan ko Pakistan aka buga su, duk da ɗimbin audugar da Amurka ke nomawa a Tegzas. Ba sa sayar da turmi ko falle kamar mu. Suna da wani yanki na inci 18 da 22 da suke naɗewa su ɗaure da zare, suna da damin murabba'ai masu inci biyar-biyar da inji ya riga ya yanka, suna da siraran tsiri masu faɗin inci biyu da rabi a nannaɗe kamar gammo. Can kusa da wurin biyan kuɗi kuma sai na ga leda cike da guntayen da suka rage daga yanka, an manna mata farashi. Yaya, wallahi irin abin da 'yan koyonki ke sharewa daga ƙarƙashin keke duk yamma ne, wanda gabanin Sallah kike cika buhu da shi a zubar, in an yi sa'a a cusa a matashi. Na tsaya ina lissafin buhu nawa muka ƙone a bayan gida.

Gaskiya a kayan aiki sun yi mana nisa. Ba su cika yanka da almakashi ba. Akwai wata wuƙa mai kamar ƙaramar taya, kaifinta kamar reza, kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Ana ɗora yadi a kan wani faifan roba mai layukan awo, a danne da rula mai garai-garai da ake ganin yadin ta cikinta, a gangara wuƙar. Ninki shida take yankawa lokaci guda, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Dokarsu ɗaya ce, bakin ɗinki rubu'in inci ne, ba ƙari ba ragi. Na raina wannan dokar a bargona na farko, na ɗinka da ido kamar yadda muke yi wa buje, da na zo haɗa layuka sai kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, layi na bakwai ya fi na farko tsawo da kusan inci biyu. Kwana uku na yi ina warwara. Sannan kowane layi sai an bi shi da dutsen guga kafin a haɗa na gaba, abin da ya zo musu da sauƙi don wuta ba ta ɗaukewa. Ke da sai kin hura gawayi kafin ki yi guga, kin san bambancin.

A hulɗar kasuwa kuwa, kowa da inda ya fi. Na taɓa sayen audugar ciki a wani kanti, da na buɗe a gida sai na tarar rabinta roba ce. Na mayar da rasit ɗina, suka ba ni kuɗina ba musu ba ɓata rai. Amma yadin da aka yanka miki ya zama naki, kuma babu tayi babu albarka, babu gyara ko na inci ɗaya, babu wanda zai ce tafi da shi kya kawo bayan Sallah kamar yadda Alhajin da kike sari a wurinsa a Tudun Wada ke yi miki. Manyan kantunan ma suna raguwa. Joann, wanda ya fi kowa rassa a harkar yadi, ya karye ya rufe shagunansa kusan 800 a 2025. Mata da yawa sun koma saye ta intanet, ni kuwa raina bai kwanta da sayen yadin da ban murza shi a tsakanin yatsuna ba.

Inda muka fi su fintinkau shi ne hannun mutum. A unguwarmu can kowane lungu da tela, a nan sai kin shiga mota kin nema, rage tsawon wando kaɗai na biya dala 18. Sai a kasuwar Somaliyawa ta Karmel a Miniyapolis na sami teloli masu sauƙi da suka san ɗinkin doguwar riga. Shi wannan bargo kuma, idan babba ne ba ya shiga wuyan ƙaramin keke, sai a kai wa masu wani dogon inji da ke tafiya a kan dogo kamar jirgin ƙasa, tsawonsa ya cika ɗaki. Da inci suke caji. Wadda na tambaya ta ce santi biyu (santi ɗari ne dala ɗaya) kowane murabba'in inci, to bargon gado mai inci 90 da 100 ya tashi dala 180 ke nan, ban da kuɗin yadi da auduga. Shi ya sa na kanti, wanda inji ya buga a wata ƙasa, ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma mai ɗinka na hannu ba don riba take yi ba. Kyauta ake yi da shi, ga jariri ko amarya ko mara lafiya.

Wata rana na je zamansu da guntayen atamfofin lefena, waɗanda kika tattara mini a leda kika ce ko za su yi ɗankwali. Matan suka ajiye aikinsu suka kewaye ni. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda zanen ya fito gaba da baya iri ɗaya, don nasu yadin fuska ɗaya ake bugawa, bayansa fari-fari ne. Na gaya musu ainihin Holan daga garin Helmond take, kamfanin Vlisco ke yin ta, kuma mace a wurinmu tana gane ta da taɓawa ko da idonta a rufe. A nan ma na yi wata asarar da nake so ki kiyaye. Na haɗa wata jar atamfa mai arha da farin yadi ban wanke ta ba, wankin farko ta zuba, farin ya koma kalar ruwan goro. Wata kuma ashe roba ce, dutsen guga na taɓa ta ta ƙanƙance. Yanzu duk ƙyallen da zan sa sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi na goga a farin tsumma, in ya bar shaida na ware shi.

Kada ki ɗauka aikin Turawa ne kaɗai. A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen mata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan masara, don gidajensu na katako ba sa tare iska. Ba su da rula ba su da faifan awo. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunansu a jikin kan sarki na wasiƙa. Da na ga hotunan sai na tuna luru da gwadon Kaka, tsiri-tsiri a haɗe, layi bai damu da ya yi daidai da na kusa da shi ba.

Daga nan tunanina ya tafi kan lifidi. Wanda muke gani a jikin dawaki ranar hawan Sallah, me ya raba shi da wannan? Yadi sama, yadi ƙasa, audugar rimi a tsakiya, an bi da ɗinki layi-layi har kibiya ba ta ratsa shi da sauƙi, fuskarsa kuma ja da ɗorawa da kore a yanka a haɗe. Da na nuna wa dattijuwar hotonsa ta daɗe tana kallo. Mu da muka tashi muna ganin Kaka tana gurzar auduga a magurji, ta shiɓe ta da masaɓi ta yi laushi kamar kumfa, mu da ƙasarmu ke noman auduga tun kafin a kafa masaƙa a Gusau har ta tsaya, yau bargon roba na gwanjo muke rububi idan ɗari ya shigo. Wannan ya tsaya mini a rai. Kuma duk shekara sai mun ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba su tashi ba. A nan doka ce a sa na'urar da ke ƙara idan irin wannan iskar mai guba ta taru kusa da ɗakin kwana. Mu da ba mu da ita, bargo mai ɗumi ya fi mana kasko.

Ga abin da nake so ki gwada, kekenki na ƙafa ya isa. Ki yanka kwali mai inci biyar kowane gefe ya zama ma'auninki, ki fitar da murabba'i 99 daga guntayen atamfa da shadda na auduga zalla. Ki jera tara a kwance, sha ɗaya a tsaye, mai duhu kusa da mai haske, zai ba ki kusan inci 40 da 50, daidai na yaro. Sanyinmu bai kai nasu ba, don haka ba sai kin cika ciki ba, tsohon zanen gado mai kauri ko shiɓaɓɓiyar auduga siririya ta wadatar. Kada ki sa ta rimi, tana dunƙulewa a wanki kuma ba ta da wuyar kama wuta. Ki kama shimfiɗun uku da dogon ɗinkin hannu tun daga tsakiya zuwa gefe kafin ki hau keke, tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin tafin hannunki. 'Yan koyonki ma za su gyara hannunsu a kan miƙaƙƙen ɗinki, ba tare da sun ɓata wa kowa kayan Sallah ba.

Akwai wata 'yar Ƙaura Namoda da za ta zo gida bayan azumi, zan ba ta wuƙar nan da rula da faifan ta kawo miki, da sauran reza biyar na canji. Ki ɓoye ta daga yara, tana yanka yatsa kafin mutum ya ji. Ke kuma ki cika mini leda biyu da guntaye ta dawo mini da su, ki fi sa masu shuɗi da na rini, kuma idan guntun zanen nan na Inna mai ganye yana nan ki haɗa da shi, a tsakiyar bargon auta nake so in sa shi. Ki gaida Inna da Baba, ki gaida mai gidan da yara.