Gargaɗi kan masu tallan "AC ɗin laftof" a Abuja

Jama'a, musamman ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu aikin haɗa bidiyo, a yi hattara. Da zarar zafin Abuja ya kankama wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sai tallan faifan sanyaya laftof ya cika Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Wasu masu tallan suna kiransa "AC ɗin laftof", suna rantsuwa cewa yana sauke zafi da digiri 20 ko 30 nan take, wai kuma ya raba ka da mai gyara har abada. Wannan ƙarya ce, kuma mu masu gyaran kwamfuta abin yana ci mana rai, domin asarar ba ta tsayawa a kuɗin faifan. Sau da yawa laftof ɗin ce take tafiya.

Faifan nan ba ya ƙirƙirar sanyi. Fankoki ne a cikin ragar ƙarfe ko roba, suna tura iskar ɗakin da kake ciki zuwa ƙasan laftof. Idan ɗakinka a Kubwa ko Lugbe ya kai digiri 35 da rana an ɗauke wuta, iska mai digiri 35 ce fankar za ta hura, ba za ta sauke ta ko da digiri ɗaya ba. Zafin kuma ba a murfin ƙasa yake tashi ba. A furosesa yake tashi, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da na'urar da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo in akwai ta, sai bututun jan ƙarfe ya kwashe shi zuwa wasu siraran haƙarƙarin ƙarfe da ke bakin kafar fitar iska, fankar ciki ta hure shi waje. Iyakar taimakon faifai shi ne ya ɗaga laftof daga kan tebur ya kai iska bakin kafofin da fankar ciki take shaƙa. Faifai na gari, irin buɗaɗɗen nan da aka saba gani, yakan rage 'yan digiri kaɗan, galibi ƙasa da goma. Wannan amfani ne, ba mu raina shi ba, amma ba shi ake tallatawa ba.

To ta yaya suke nuna saukar zafi a bidiyo har mutum ya yarda? Dabarun ba su da yawa. Akwai mai ɗora laftof a kan katifa ko darduma tukuna, kafofin iska su toshe, zafi ya hau, sannan ya mayar da ita kan faifai ya nuna lamba ta sauka. Ko a kan tebur ya ajiye ta ba fanka, lambar za ta sauka. Akwai mai auna murfin ƙasa da ma'aunin nan mai kama da bindiga, ya nuna maka roba ta yi sanyi, alhali furosesa tana nan a digiri 95. Akwai kuma mai rufe aikin da ke ɗora wa kwamfuta nauyi, ko ya cire caja ta koma yanayin tattalin batir, daidai lokacin da ya kunna faifan. Wani faifan ma yana da ɗan allo mai nuna lamba a gabansa. Wannan lambar ba daga cikin kwamfutarka take fitowa ba, domin wayar USB ɗinsa wuta kawai take ja. In ba matakin gudun fanka take nunawa ba, to zafin iskar da ke wucewa ta wurin ne.

Sai batun yawan fanka, wanda shi ne babban tarkon. Za ka ga an rubuta fanka shida, ga fitilu shuɗi da ja suna walƙiya, ido ya ƙoshi. Yi lissafi. Kafar USB 2.0 bisa ƙa'ida tana bayar da wutar lantarki bolt 5 da amf 0.5, wato wat 2.5. USB 3.0 tana kaiwa amf 0.9, wato wat 4.5. Idan kowace ƙaramar fanka tana cin amf 0.15, shida sun cinye 0.9 ke nan, ba a sa fitilu ba. Ɗayan biyu ne zai faru: ko fankokin su riƙa juyawa a kasalance ba iskar kirki, ko su takura kafar har kwamfuta ta riƙa yanke mata wuta. A jabun faifai wayar siririya ce, haɗin dalmarta sama-sama, kuma kafar nan ta biyu da ake cewa ka jona linzami ko filas ba ta da wani kariya. Ranar da wayoyin suka haɗu, kafar USB ɗin laftof tana iya ƙonewa, wani lokacin har abin ya taɓa bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta suke haɗe a kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Babbar fanka ɗaya mai milimita 140 zuwa 200 da ke juyawa a natse ta fi ƙanana shida tura iska ga mafi yawan laftof, kuma ba ta cika maka kunne.

Nau'i na biyu na damfarar ba ma faifan za ka gani ba. Shafi ne sabo, hotunan kaya an kwaso su daga shagunan ƙasashen waje, an rufe wurin sharhi, adireshin shago kuwa "Wuse" kawai ko "Garki", babu sunan filaza babu lambar shago. Ana ce maka saura guda uku, farashi zai tashi gobe. Ka tura rabin kuɗi, sai wani ya kira ka a matsayin ɗan aike ya ce yana Berger, a tura kuɗin mai. Ka tura, lambobin duka su mutu. Dubi sunan da ke kan asusun kafin ka danna: idan shafi yana ɗauke da sunan kamfani amma asusun na wani mutum ne daban, tsaya nan. Wanda ya ce kamfaninsa yana da rajista, ana iya bincika sunan kyauta a shafin hukumar CAC. Wani salon kuma, kayan zai iso a naɗe da salatif, ɗan aike ya ce ba a buɗewa sai an biya, yana sauri. Kada ka biya abin da ba ka jona ka gani ba.

Ga wanda yake son saye da gaske, fara da juya laftof ɗinka ka dubi ƙasanta. Ina kafofin shaƙar iska suke? Nan ne fankar faifai ya kamata ta daidaita. Idan kafofin suna baya ta hagu, fanka kuma tana tsakiya tana hura roba, kuɗinka ya tafi a banza. Idan ƙasan a shafe yake ba kafa ko ɗaya, kamar MacBook Air na 2020 mai M1 wanda ko fanka babu a cikinsa, faifai mai fanka kusan ba abin da zai ƙara maka, mariƙin ƙarfe mai ɗaga ta ya wadatar. Auna girman ma: faifan inci 14 ba zai riƙe laftof mai inci 17 ba, ƙafafunta na roba za su rataya a waje.

Je shago da laftof ɗinka da cajarta. Sa manhajar HWiNFO ko Core Temp tun daga gida, kyauta ne, su ne suke karanto zafin furosesa daga cikinta. A jona caja, a kunna aiki mai nauyi iri ɗaya na minti 15 a kan tebur, a rubuta lamba. A ɗaga bayanta da santimita biyu ko uku a maimaita. Sannan a ɗora ta kan faifan, fankoki a kunne, a sake maimaitawa. Bambancin da ke tsakanin gwaji na biyu da na uku, shi ne abin da kake biya wa kuɗi. Kafin nan ka ɗora siririn tishu a kan kowace fanka ka ga ko tana ɗaga shi sama. Akwai wadda fitila ce kawai ke ci a kanta ba ta motsi, akwai wadda aka ɗaura a juye tana zuƙo iska ƙasa, tana kokawa da fankar ciki. Ragar sama ta kasance ƙarfe, a matsa ta da yatsa a ga ba ta lotsa ta taɓa fiffiken fanka. A karɓi rasit mai sunan shago da sharaɗin mayarwa a rubuce. Mai kaya na gari ba ya jin haushin gwaji.

Akwai wani nau'in faifai mai soso a kewaye da ke rufe ƙasan laftof ruf, da fanka mai ƙarfi da cajarsa daban. Wannan yakan sauke zafi fiye da buɗaɗɗen, amma yana da ƙara, yana da tsada, kuma in ba a wanke matacinsa yana cusa ƙura ciki. Shi ma ana jabunsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne faifan yana sa mutane su jinkirta gyaran da ya wajaba. Yawancin laftof da ke zafi a garin nan ƙurar hunturu ce ta toshe su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankar ciki tana shaƙar ƙura, tana tara ta a bayan haƙarƙarin ƙarfen nan har ta dunƙule kamar audugar katifa. Alamarta, fanka tana ihu amma ka sa hannu a kafar fita ka ji iska kaɗan. Man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfe shi ma yana bushewa bayan 'yan shekaru, musamman a laftof 'yar gwanjo da ba a san yaushe aka taɓa buɗe ta ba. Furosesa idan ta kusanci digiri 95 zuwa 100 tana rage gudunta da kanta, shi ne nauyin da kake ji, in abin ya wuce nan ta kashe kanta. Maganin shi ne a buɗe, a fara cire wayar batir, a ciro fanka a kwashe ƙurar, a riƙe fiffiken lokacin hurawa don kada ya yi gudun da zai lalata shi, a goge tsohon man da sinadarin isofurofil, a sa sabo ɗan kaɗan, a ɗaure sukurori bi da bi bisa lambobin da aka rubuta a gefensu. Babu faifan da zai yi wannan aikin daga waje.

Idan kuma ka ga wurin linzamin yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, ko laftof ba ta zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura. Kashe ta, cire caja, kada ka danna wurin, kai ta a sauya batir. Duk mai ce maka faifai zai magance wannan yana wasa da ranka ne, domin irin wannan batir yana iya kama wuta.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi magana. Ya ɗauki hoton tallan da hirar da shaidar tura kuɗi da lambar asusun kafin su goge shafin, ya kira bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi ya karɓi lambar ƙorafin, domin kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su. Wanda aka ba jabun kaya aka ƙi karɓa yana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Wanda aka karɓi kuɗinsa aka ɓace, maganarsa ta 'yan sanda ce ko EFCC. Ya kuma kai rahoton shafin ga Facebook ko Instagram, ya sanar a zauren unguwa ko na makaranta inda ya fara ganin tallan.