Wata Biyar da Sabuwar Hoda: Abin da Na Gani a Fuskata

Fatata mai maiƙo ce, kuma a Kano nake zaune. Duk wadda ta san zafin Afrilu a garin nan ta san ba sai an yi mata bayani ba: ki shafa hoda da safe, kafin azahar goshi da karan hanci sun fara sheƙi. Na yi shekaru ina amfani da wata hoda mai arha da ƙamshi mai daɗi. Matsalarta, da zarar zufa ta karyo min sai kumatuna su hau ƙaiƙayi, washegari in tashi da ƙananan ƙuraje irin na zafi. Na zargi sabulu, na canza. Na zargi man shafawa, shi ma na canza. Ƙarshe yayata mai aikin harhaɗa magunguna ce ta ɗauki kwalin, ta juya bayansa inda aka jera sinadaran, ta ce, "Ke, kin taɓa karanta wannan kuwa?" Na ce, "Wallahi Yaya, launin kawai nake dubawa." Sai ta ɗora yatsa a kan wata lamba: CI 77163.

Wannan lambar ta sinadarin bismat ce. Shi ke ba hoda ƙyalli irin na lu'ulu'u, yana kuma sa ta kama fata. Mata da yawa ba ya yi musu komai, amma akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi, musamman idan ya haɗu da gumi. Ga kuma turare, wanda yana cikin abubuwan da suka fi tayar da fata a kayan kwalliya. Ta kuma koya min cewa ana jera sinadaran ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka ukun farko su ne ainihin hodar.

A Disamba na sayi wata hodar mai dunƙule a wani shago a Sabon Gari, wadda babu bismat babu turare. Kuɗinta ya kusa ninka na tsohuwar. A jerinta akwai maika, silika, kawolin, zink oksaid da tsatsar ƙarfe. Ƙaiƙayin nan, tun makon farko ban ƙara jin sa ba, har yau. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Amma da hunturu mun sha fama da ita. Kawolin dangin farar ƙasar nan ce da muka sani, aikinsa tsotse maiƙo, silika ma haka. To ga iska busasshiya, ga abubuwa biyu suna shanye ɗan danshin da ya rage. Gefen bakina da gefen hanci suka riƙa yin furu-furu, hodar tana taruwa a inda fata ta bushe. Sai da na koma shafa mai tukuna, in jira kamar minti goma ya shiga jiki, sannan in ɗan taɓa hodar a goshi da hanci da haɓa kawai. Mai busasshiyar fata, ban ba ki shawarar irin wannan haɗin ba sam. Da bazara ta shigo kuwa sai ta nuna amfaninta. Nakan shafa da ƙarfe bakwai na safe, in yi alwalar azahar, in ɗan maimaita, shi ke nan har yamma fuska ba ta sheƙi.

Inda ta ba ni haushi sosai a wurin bikin wata ƙawata ne. A madubi komai daidai, amma da hotuna suka fito sai ga ƙarƙashin idanuna fari fat kamar an barbaɗa gari. Silika na mayar da hasken filasha, zink oksaid ma fari ne, kuma a baƙar fata abin ya fi fitowa. Yanzu idan zan je taron dare nakan ɗauki hoto da filasha a ɗaki kafin in fita.

Abin da na fi so a cikinta shi ne tsatsar ƙarfe. Za ki gan ta a ƙarshen jeri da lambobi uku: CI 77491 ja, CI 77492 rawaya, CI 77499 baƙi. Haɗuwarsu ce ke ba da launin fatarmu, kuma idan aka yi rowarsu shi ne hoda ke zama kamar toka a fuska. Banda launi, suna tare wani ɓangare na hasken rana da ido ke gani, wanda ke ƙara wa tabo duhu a fata irin tamu. Ina da tabon tsofaffin ƙuraje a kumatu, kuma duk zafin bana ba su ƙara duhu ba. Sai dai kada a ɗauki hoda a matsayin man kariya daga rana. Ko da zink oksaid a ciki, ɗan abin da muke shafawa bai kai kaurin da zai kare fata yadda ya kamata ba.

Tsohuwar hodata talkum ne farkon jerinta, kuma gaskiya na yi kewar santsinsa. Shi ne mafi taushi a cikin duwatsun ma'adinai, sabuwar ba ta kai ta laushi a hannu ba. Abin da ya sa ake ɗari-ɗari da shi, a ƙarƙashin ƙasa wani lokaci yana maƙwabtaka da asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar daji. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai mai talkum a Amurka da Kanada a 2020, ya daina a duk duniya a 2023, ya koma sitacin masara, ko da yake ya ci gaba da cewa hodarsa ba ta da illa. A Yulin 2024 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talkum a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Ni dai abin da na yanke, na daina amfani da hoda mai gari da ke tashi sama, kuma ba na kwalliya ɗana na kan cinyata.

Zan sake sayen sabuwar hodar? Eh, saboda bazara da damina. Da hunturu zan nemi wadda ba ta da kawolin. Sosonta bai yi ƙarko ba, wata biyu ya fara yagewa, na maye shi da burushi, wanda nake wankewa duk Juma'a. Na kuma duba lambar NAFDAC a kwalin kafin in biya, na gwada launin a muƙamuƙi a ƙofar shagon, cikin hasken rana, domin fitilar ciki ta sa na kusa ɗaukar wadda ta fi ni haske.