Bindigar atisaye mai hasken leza: abin da take gyarawa a hannun jami'i da abin da ya fi ƙarfinta

Wannan bindiga ba ta ɗaukar harsashi kuma ba ta yin ƙara. An ƙera ta da siffa da kusan nauyin ƙaramar bindigar hannu (fistol) ƙirar Glock 17, an shafa wa samanta jan launi domin kowa ya gane ta atisaye ce, kuma duk lokacin da aka danna kunama sai ta jefa ɗan jan ɗigo na hasken leza a daidai inda harsashi zai sauka. Na daɗe ina amfani da ita a ɗakina a nan Sakkwato, kuma ra'ayina a kanta ya rabu biyu.

Ya kamata a fara sanin waɗanda take yi wa amfani. A Amurka, inda aka fi ƙera irin waɗannan kaya, kowace jiha tana da hanyar da farar hula zai bi ya ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye, kuma hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2022 ya ƙara faɗaɗa wannan dama. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol cikin haramtattun bindigogi waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallakarsu, kuma ko kamfanonin gadi masu zaman kansu doka ba ta ba su damar riƙe bindiga ba. Saboda haka ina magana ne da jami'an tsaro, musamman na farin kaya, waɗanda bindigarsu take kwana a ƙarƙashin riga amma ba kullum suke samun harsashin atisaye ba.

Babban aikinta shi ne tona asirin yatsa. Kunamar Glock tana buƙatar nauyin kusan kilo 2.5 kafin ta tashi, alhali bindigar da harsashinta ba ta kai kilo ɗaya ba, don haka ƙaramin kuskure a wajen dannawa ya isa ya kautar da bakin bindigar daga saiti. Idan mutum ya danna a hankali, kai tsaye zuwa baya, ɗigon yana fitowa dunƙule ya ɓace. Idan kuwa ya fizga, ko ya matse sauran yatsunsa a lokacin dannawa, sai ɗigon ya ja layi kamar waƙafi, kuma ga mai harbi da hannun dama layin yakan gangara ƙasa ta hagu. Na ba wani abokin aikina da yake ji da kansa ya gwada a kan murfin kwalbar lemo da muka manna a bango. Ya ga layin da idonsa, ya yi shiru, sannan ya ce a sake ba shi. A filin harbi ƙara da bugun da bindiga take yi wa hannu suna ɓoye wannan kuskure, har mutum ya riƙa ɗora wa makamin laifi. Wani abin yabo kuma, kunamarta tana komawa da kanta bayan kowane dannawa, wanda hakan yake sa yatsa ya saba da wurin da take yin ƙas kafin harbi na biyu.

Wajen zaro bindiga daga kube ma ta taimaka, domin masu koyarwa na ƙasashen waje da gajeriyar riga suke nuna abin, mu kuwa kaftani muke sawa wanda yake wuce gwiwa. Sai hannun hagu ya tattaro rigar ya ɗaga ta sama sosai, in ba haka ba mariƙin ya sarƙe a aljihu ko a tsagar gefe. A 1983 wani ɗan sanda na birnin Salt Lake da ke Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cinye tazarar kusan mita 6.4 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Duk wanda ya gwada fitar da bindiga daga ƙarƙashin shadda mai sitati zai gane cewa wannan lokaci bai ishe shi ba, kuma gara ya gane haka da makamin da ba zai fasa masa cinya ba.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Ba ta bugun hannu ko kaɗan, don haka ba ta koya wa mutum maido da saiti bayan harbi. A hasken ranar Sakkwato, musamman a bazara, jan ɗigon yana dusashewa a tsakar gida, sai dai a koma inuwa ko a jira bayan la'asar. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin hasken. Mafi muni, tana iya koyar da mugun hali, wato mutum ya bar kallon ma'aunin saiti ya koma farautar ɗigo a bango.

Akwai kuma abin da ba aikinta ba ne. Umarnin rundunar 'yan sandan Nijeriya mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita harbi ga halin da rai yake cikin haɗari na nan take, kuma babu wata na'ura da za ta koya wa jami'i bambance mai makami da mai zaro waya a cikin cunkoson babbar kasuwa. Wannan sai da malami da atisaye na haɗin gwiwa.

Da dala ake sayenta, saboda haka tana da tsada ga albashin ƙaramin jami'i, kuma na fi ganin hikimar sashe guda ya sayi ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. Wanda ya saya ya fitar da bindigar gaske da harsashinta daga ɗakin kafin ya fara, kuma kada ya kuskura ya fita da ta atisayen waje, domin da dare a shingen bincike babu mai tsayawa ya duba launin samanta.