Ciyawar Kasuwar Kara ga mai kiwon kunkuru: ta saye da ta bari

Kunkurun da ake ajiyewa a gidajen Sakkwato galibi babban kunkurun Sahel ne, mai kauri a ƙafa, wanda ke haƙa rami ya shige idan rana ta yi zafi. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, yana iya wuce shekara 70, kuma cikinsa na maciyin ciyawa ne. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abincinsa ya kamata ya zama ciyawa. Don haka wurin yi masa cefane shi ne gun masu sayar da abincin dabbobi a Kasuwar Kara, kuma a ganinmu sun fi duk wani abincin leda da ake kawowa daga waje, in dai mai saye ya san abin da zai nuna da yatsa.

Abin yabo na farko shi ne ba a rasa kaya. Da damina ana samun ɗanyar ciyawa dami-dami, da rani kuma busasshiya. Masu sayarwa sun san ciyawa da sunanta, kuma ba sa hana ka kwance dami ka duba cikinsa. Nemi burburwa, harkiya, guɗe-guɗe ko kyasuwa tun ba ta tsufa ba. Waɗannan suna da laushi, ga harza mai yawa da hanjin kunkuru ke buƙata. Gamba da ta riƙa ta yi kara ba ta da amfani gare shi, zai tattaka ta ne kawai ya wuce.

Inda ake samun matsala shi ne shawarar da za a ba ka. Kasuwar ta masu kiwon rago da sa ce, saboda haka da ka ce abincin dabba kake so, harawa za a miƙo maka, ta wake ko ta gyaɗa, a haɗa maka da dusa da kowar wake. Ga ragon layya wannan daidai ne. Ga kunkuru kuwa cuta ce mai tafiyar hawainiya. Harawa tana da furotin, wato sinadarin gina jiki, da ya fi ƙarfinsa: yana sa shi girma da gaggawa, ƙoƙon bayansa ya riƙa tashi tudu-tudu maimakon ya yi sumul, musamman ƙarami da ke zaune a busasshen wuri. Ragowar furotin ɗin kuma jikinsa na fitar da ita a matsayin farin abin nan da ke biyo fitsari, kuma idan ruwa ya yi masa ƙaranci sai ya dunƙule ya zama dutse a mafitsara. Dusa ta fi muni. Sinadarin fosfarus ɗinta ya ninka kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙon baya, sau da yawa, alhali kunkuru na son kalsiyam ya ninka fosfarus sau 2. Wanda aka daɗe ana ba dusa, ƙoƙonsa yakan yi taushi, ƙafafunsa na baya su kasa ɗaga shi. Harawa kaɗan, cikin tafin hannu sau ɗaya a mako ga babba, ba laifi. Dusa kam a bar wa tumaki.

Kafin ka biya, cusa hannu tsakiyar damin. In ka ji ɗumi ko warin ruma, ko ka ga baƙi-baƙi ko fari-fari a jikin ciyawar, ajiye shi, danshi ya shige ta. Zazzage ta ka cire leda, igiyar buhu da ƙarangiya, domin kunkuru ba ya tsince abinci, haɗiyewa yake yi, leda kuwa toshe hanji take. Ganyen tumfafiya ko na zurma in ya biyo dami a fitar da shi, dafi ne. Ɗanyar ciyawa kuma a tambayi inda aka yanko ta. Ta gefen gonar fadama da aka yi wa feshin magani ba ta dace ba ko an wanke.

Kuɗin kaya yana hawa a ƙarshen rani da gab da Babbar Sallah. Mai dabara yakan sayi busasshiya da kaka, ya ɗora a kan katako a ɗakin da iska ke ratsawa.

Kunkurun da ya saba da tuwo, shinkafa da ɓawon kankana zai ƙi busasshiyar ciyawa da farko. Yanka ta da almakashi kamar tsawon gaɓar yatsa, jiƙa a ruwan ɗumi minti 15, tsane, sannan a cuɗa da yankakken ganyen kabewa ko ɗan zogale. Kowane mako a rage ganye a ƙara ciyawa. Tulin da ya kai girman ƙoƙon bayansa sau ɗaya a rana ya isa, da safe bayan ya sha hantsi. Alayyafo da yakuwa a yi su jefi-jefi, suna ɗaure kalsiyam. Kayan zaƙi irin su mangwaro da ayaba suna kawo zawo.

Abu biyu ne Kara ba za ta ba ka ba. Na ɗaya kalsiyam: tafasa ɓawon ƙwai, shanya, daka ya yi gari, a barbaɗa ɗan tsunkule sau 2 a mako, kuma a bar shi yana samun rana kai tsaye da inuwar gudu, don sai da rana jikinsa ke amfana da shi. Na biyu ruwa. Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa sun jawo wa da yawa wahala. A binne faranti mai faɗi daidai da ƙasa, ƙanana kuma a zaunar da su a ruwan ɗumi iya haɓa na minti 15 kullum, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. A riƙa duba farin fitsarin: in yana da laushi kamar man goge baki, lafiya lau, in ya yi tsakuwa-tsakuwa, ko kunkurun yana yunƙuri ba abin da ke fita, a kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba mafitsararsa.