Littafin waƙoƙin Turawa da na saya: shafi 16 sun yi ɓatan dabo

Sati uku ke nan da karɓar wannan kundin tsofaffin waƙoƙin Ingilishi na soyayya da 'yanci da na yi oda ta intanet. Daren farko ban runtsa da wuri ba, saboda Richard Lovelace. Da ban san shi ba sam. A 1642 ya kai wa majalisar dokokin Ingila takardar koke ta goyon bayan sarki, aka jefa shi kurkukun Gatehouse da ke Westminster, a can ya rubuta wa wadda ya kira Althea waƙa. Mutum yana tsare, amma cewa yake in ta zo bakin ƙarafan taga ta yi masa raɗa, duk abin da ke shawagi a sama bai kai shi sakewa ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ina juya shafi don in karanta baiti na huɗu, wanda shi ne ƙarshe, sai na ga daga shafi na 48 an tsallaka zuwa na 65! Na zaci manne suke, na yi ta murzawa da yatsa. Babu su. Jerin abubuwan ciki ya nuna waƙar da wani mawaƙin Ingila, Shelley, ya yi a 1819 kan kisan masu gangami a Manchester tana cikin waɗanda suka ɓace.

Na tura wa mai shagon hoto. Sai bayan kwana biyu ya amsa: "Yi haƙuri Malam, haka suka zo mana." Ba canji, ba ragi. Haba Alhaji, da wannan kuɗin?

Duk da haka ban iya ajiye shi ba. Waƙoƙin Elizabeth Barrett sun sanyaya min rai, musamman da na karanta cewa mahaifinta ya hana 'ya'yansa aure, ta auri mawaƙi Robert Browning a ɓoye a 1846 suka tafi Italiya. A wurinta so shi ne ƙofar fita. Har na ce zan ba shi tauraro huɗu.

Amma jiya na koma wa Lovelace, na sake cin karo da giɓin nan, raina ya ɓaci sabo. Baitin ƙarshen a waya na nemo na kwafa da biro a bayan bango. Tauraro biyu. Wanda zai saya ya ƙirga shafukan a gaban mai kawowa kafin ya biya.