Wane tanki ya dace da renon 'ya'yan tarwada a gida?

Ɗan tarwada da aka sayo bai wuce tsawon ɗan yatsa ba yana iya kai kilo ɗaya cikin wata shida idan ya sami abinci mai kyau da ruwa mai tsabta. Saboda haka girman da kifin zai kai nan da wata huɗu shi ya kamata mai saye ya riƙe a ransa lokacin zaɓen tanki, domin mazubin da ya yi masa yawa a ranar farko zai matse shi kafin a ankara.

Akwatin gilashi na lita 60 ko 100 na ado ne, ya dace da ƙananan kifaye masu launi, amma tarwada za ta fi ƙarfinsa cikin 'yan makonni. Tankin siminti yana daɗewa, sai dai ba ya ɗaukuwa idan mutum ɗan haya ne, kuma sabon siminti yana ɓata ruwa har sai an jiƙa shi an wanke sau da dama. Tamfol yana da arha da faɗi, amma rana da ɓeraye ba sa raga masa.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne tankin roba mai kusurwa huɗu da ke cikin kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000. Ana yanke samansa, a bar gefe mai tsayi, a rufe da raga, domin tarwada tana tsalle, musamman da dare ko idan hadari ya haɗu. Yana da famfo a ƙasa, wanda ke sa sauya ruwa ya zama aikin mintuna, kuma a kiwon tarwada sauƙin sauya ruwa ya fi komai muhimmanci. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da gubar amoniya, kuma idan ruwan ya yi kaɗan, gubar tana taruwa da sauri. Alamarta ba ta ɓoyuwa: za a ga kifayen sun miƙe tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu a waje, sun ƙi abinci, ruwan kuma yana wari. Gaskiya ne tarwada tana shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure cunkoso fiye da karfasa, amma hakan ba ya hana ta tsumburewa a gurɓataccen ruwa.

Shawarata ita ce a sayi irin wannan tanki guda biyu maimakon babba guda ɗaya. Tarwada tana cin 'yar'uwarta, kuma a kowane zubi akwai waɗanda ke tsere wa sauran a girma. Idan ba a ware su duk bayan mako biyu ba, adadin zai riƙa raguwa ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba. A ganina kada a wuce kifi 60 zuwa 80 a tanki ɗaya idan ana son kai su girman sayarwa. A kuma tuna cewa lita 1,000 na ruwa tan guda ce, don haka a kafa shi a kan daɓe mai ƙarfi, a inuwa, inda iskar hunturu ba ta dukansa kai tsaye, domin sanyi yana rage wa tarwada cin abinci.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Yawancin waɗannan tankuna na hannu ne, kuma wasu sinadarai suka ɗauko daga masana'antu. An taɓa sayar mini da wani da rantsuwar cewa man girki ya ɗauka, aka wanke shi tas, amma washegari 'ya'yan kifin duk sun taso ciki sama. Tun daga nan ba na sauraron rantsuwa. A buɗe murfin a shinshina, a duba takardar da ke manne a jikin kejin, kuma idan an kankare ta ko an shafe ta da fenti, a bar tankin komai arharsa. Ko an gamsu, a cika shi da ruwa ya kwana biyu, a zubar, a sake cikawa, a gwada da kifi biyar kafin a zuba sauran.

Masu tamfol ma sukan ƙara wa kayansu lita da baki. A je da abin awo, a ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a santimita, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne ainihin litar. Zurfin da ruwa zai tsaya ake aunawa, ba tsayin bangon ba.

Haka nan akwai masu sayar da tsumburarrun kifaye da suka rage daga tsohon zubi a matsayin sababbi. Babban kai da siririn jiki su ne shaidarsu, kuma irin waɗannan ko an ba su tanki mafi faɗi ba za su mayar da kuɗin abincinsu ba.